Takardar ranar rufe bita

Aikina shi ne auna amfanin tarukan bita da ake shirya wa jami'an gwamnati kan manufofin samar da gidaje. Na daɗe ina dogara da takardar nan da ake rabawa ranar ƙarshe, wadda mahalarta ke ba da maki daga 1 zuwa 5. Kusan kullum 4 da 5 nake tarawa, sai in rubuta rahoto cewa bita ta yi armashi, hankalina kwance.

Wata rana na tsaya a bayan zaure ina kallon yadda ake cike ta. Wani jami'i ya ɗora takardar a cinyarsa, ya bi layin 5 da biro daga sama har ƙasa, bai karanta ko tambaya ɗaya ba, idonsa na kan teburin da ake raba takardun shaida. Ban ga laifinsa ba. An karrama shi kwana biyar, kunya ba za ta bar shi ya kushe masu masauki ba. Ranar ban yi barcin kirki ba.

Tun 1959 Donald Kirkpatrick, wani masani ɗan Amurka, ya kasa auna horo kashi huɗu: yadda mahalarta suka ji, abin da suka koya, sauyin da ya shiga aikinsu, sai sakamakon da aka gani a ƙasa. Ashe shekara da shekaru a na farko na maƙale. Kuma harkar gidaje ba wasa ba ce, domin UN-Habitat, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai, ta ce fiye da mutum biliyan 1 ne ke zaune a unguwannin da ba su da tsari.

Darussan kansu ba su da aibu. Ana koyar da yadda birnin Jakarta ya fara gyara unguwannin talakawa a 1969, da hanyoyi da magudanai da ruwan sha, maimakon rusau. Ana kawo misalin Dakar, inda Bankin Duniya ya ba da rance a 1972 aka yanka filaye aka kai musu abubuwan more rayuwa, kowa ya gina daidai ƙarfinsa. Mahalarta na haddace waɗannan tsaf. Amma idan mutum ya koma ofis, dokar girman fili ba a hannunsa take ba, rajistar ƙasa tana wata ma'aikata, kasafin kuɗi yana wata.

Sai na fara kiran mahalarta bayan wata shida. Wasu an sauya musu wurin aiki. Wasu tun farko ba ɓangarensu ba ne, layi ne kawai ya zo kansu aka turo su. Wadda na samu ta yi wani abin a zo a gani kuwa, ita ce ta ba mu maki 2, har ta rubuta a ƙasan takardar cewa mun kawo misalai ba mu faɗi kuɗin da suka ci ba. Ta shiga wata unguwa da ake shirin rushewa, ta ƙirga gidajen tare da mazauna, ta kai wa shugabanta lissafi har ya yarda a fara duba batun magudana. Ta ce min: "Malam, da kun gayyato ni tare da mai kula da kasafinmu, da ban sha wahalar nan ni kaɗai ba."

Yanzu ba na karɓar aiki sai an ware kuɗin bibiya tun daga farko. Ina neman a turo mutum biyu ko uku daga wuri ɗaya, na filaye da na kuɗi da na tsara birni, su zo da matsala guda daga ofishinsu. Ranar rufewa kowa zai rubuta abu ɗaya da zai yi cikin kwana 90, da sunan wanda sai ya sa hannu kafin abin ya yiwu. Wannan takardar ce nake buɗewa a gabana idan na kira su.