Yadda na raba cikina da hayaƙin murhu

Gidanmu gidan yawa ne a cikin birnin Kano, kuma da itace ake girki tun zuwana amarya. Madafar wani ɗan ɗaki ne a lungu, rufin kwano, babu taga, bangon ya yi baƙi ƙirin har yana ƙyalli. Ranar girkina nakan fito ido jajur, in na fyace majina baƙa ce. Babu wanda ya ɗauki wannan a bakin ciwo. Sai da na samu ciki na biyu, wata malamar asibiti a wurin awo ta ga jinina ya ɗan hau, ta tambaye ni da me nake girki, kuma a ina. Da na gaya mata, sai ta ajiye biro ta yi min bayani a tsanake.

Abu biyu ne a cikin hayaƙin nan ke isa ga ɗan da ke ciki. Na farko iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 da wani abu, don haka in ta shiga sai ta tare wurin iskar da ya kamata ta kai ga jariri. Jinin ɗan tayi kuwa ya fi na uwa riƙe ta, ya fi jinkirin sakinta. Na biyu ƙananan ɓurɓushin toka da ido ba ya gani, masu wucewa daga huhu su shiga jini. A 2019 masu bincike a Beljiyam sun gano irin wannan baƙin ɓurɓushi a jikin mabiyiya, ta ɓangaren da ke fuskantar jariri. Abin da ake dangantawa da su shi ne hawan jinin mai ciki, haihuwar bakwaini kafin mako 37, da jaririn da bai kai kilo 2.5 ba. An ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai jarirai kusan 500,000 ne suka rasu a watan farko na haihuwa saboda gurɓatar iska, akasarinsu a Afirka da kudancin Asiya, kuma mafi yawa hayaƙin girki ne sila. Wannan adadi ya hana ni barci.

Wahalar ba a gane bayanin take ba, a shawo kan mutanen gida take. Da na kai maganar wurin surukata, sai ta ce, "'Yar nan, mu a gindin murhu muka haife su duka, ga su nan da ransu." Ban yi musu ba. Na ce, "Gaskiya ne Hajiya, amma ki duba tarin nan da ba ya barinki." Ta yi shiru. Ita ce daga baya ta sa yara suka fito da duwatsun murhu tsakar gida, ƙarƙashin rumfar da iska ke ratsawa ta ko'ina.

Wannan sauyin bai ci ko kwabo ba, kuma shi na fi jin amfaninsa a ƙirjina. Muka daina hura wuta da leda da tsohon silifas, abin da kusan kowane gida ake yi. Muka daina karɓar ɗanyen itace, na sayi busasshe ana faskara shi ƙanana. Wake a jiƙa shi tun dare, tukunya a rufe ta, kuma in an ɗora sanwa ba dole sai an zauna an tisa ta a gaba ba. Ni da faccalata muka yi musaya: ita ta karɓi tuƙin tuwo, inda mutum ke sunkuyawa fuskarsa cikin hayaƙi, ni na ɗauki tsintar shinkafa, gyaran kayan miya da wanke-wanke. Allah ya saka mata da alheri, ko sau ɗaya ba ta yi min gori ba.

Maigida ya sayo ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6, don shayin safe da ɗumame. Kuɗin cika ta ba kullum ake da shi ba. Kuma kada a ɗauka gas shi ne ƙarshen magana: wani babban gwaji da aka yi da mata masu ciki kusan 3,200 a Ruwanda, Indiya, Peru da Gwatamala, wanda aka fitar a 2022, ya nuna gas ya rage hayaƙin da suke shaƙa sosai, amma nauyin jariran bai bambanta ƙwarai ba. Su sai da ciki ya ɗan yi kwana aka ba su gas ɗin. Ni abin da na ɗauka shi ne a fara da wuri, a haɗa da abinci mai kyau, maganin ƙarin jini da kariya daga zazzaɓin cizon sauro.

Abin da ban taɓa sakawa a lissafi ba shi ne dare. Cikina ya tsufa ne a hunturu, lokacin da hazo ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ya lulluɓe gari. A rufe ƙofa da taga, a shigo da kaskon garwashi, a zuba turaren wuta, a kunna maganin sauro mai hayaƙi, ga janareto na ruri a bakin taga. Da safe a tashi da ciwon kai a ce sanyi ne. Gawayi ya fi yaudara, don ba ya hayaƙi sosai amma yana fitar da waccan iskar mai guba. Na koma gidan sauro da bargo biyu, aka mayar da janareto can bayan gida, turare kuma a yi shi ina waje, a buɗe ɗaki ya sha iska kafin in shiga.

Jego ya fi komai wuya, domin wata ne na wuta: ruwan wanka safe da yamma, ga baƙi kowacce da turarenta. Na roƙi mahaifiyata a riƙa dafa ruwan nesa da ɗakin, kuma kada kowa ya goya jaririyar ya je gindin murhu. Huhun jariri bai gama ƙwari ba, numfashinsa ya fi namu sauri, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da nimoniya ke kashewa hayaƙin cikin gida ne sanadi. Yarinyar ta zo a kan lokacinta, da nauyinta daidai, alhamdu lillahi.

Abin da ya rage mana shi ne bolar da ake cinna wa wuta kowace yamma a bayan layinmu, hayaƙin roba na shigowa har ɗaka. Akwai masu ciki a gidajen da ke kusa da ita. Mun haɗu mu matan layin mun sa mazajenmu sun kai maganar gaban mai unguwa, ya kuma ce zai tara masu gidajen bayan sallar Juma'a.