Godiya ga waɗanda suka hana ni mayar da na'urar cikin kwalinta

Assalamu alaikum. Yau na cika dare 90 ina kwana da na'urar taimaka wa numfashi, wadda likitoci ke kira CPAP. Na yi wa kaina alkawari cewa in na kai wannan adadi zan fito in yi godiya a bainar jama'a, to ga shi Allah Ya nufa. Alhamdulillahi. Akwai mutanen da in ban ambace su ba na ci amana. Ba zan kama sunan kowa ba, amma kowa zai gane kansa.

Ga waɗanda ba su san abin da ya faru ba, shekara da shekaru ina minshari, har ya zama abin tsokana a cikin dangi. Uwargida ce ta fara lura da shirun da ke biyo bayan minsharin. Ta ce sai in yi tsit, ƙirjina na motsi amma ba iskar da ke shiga, ita kuma tana zaune tana ƙirge a zuci, sai can in zabura da wani irin gurnani. Da safe ta faɗa mini, in ce ta cika tsoro. Alhali ni ne nake tashi da ciwon kai, nake gyangyaɗi a wurin aiki tun kafin azahar, ga hawan jini da ya ƙi jin magani.

Da aka yi mini gwajin barci likita ya yi mini bayani dalla-dalla. Idan mutum ya yi barci naman maƙogwaro da harshe suna saki, ga wasu kuwa hanyar iskar rufewa take yi gaba ɗaya. Oksijin ya ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta zaburar da mutum, ya ja numfashi, ya koma barci bai ma san ya farka ba. Duk tsayawar da ta kai daƙiƙa 10 ana lissafa ta, haka ma raguwar numfashi sosai. Daga sau 5 a awa ɗaya an shiga ciwon, daga 15 matsakaici ne, daga 30 zuwa sama ya yi tsanani. Nawa 41 aka samu. Aikin na'urar shi ne ta riƙa turo iska ta tiyo zuwa takunkumin da ke fuska, iskar ta tokare hanyar kada ta rufe. Da na ji haka na ce ai shi ke nan, magani ya samu. Ashe wuyar tana gaba.

Daren farko ban yi minti 20 ba na fizge takunkumin. Ji na yi kamar an danne mini fuska da matashi, ina son fitar da numfashi iska na turo shi ciki. Dare na biyu na daure, amma na farka bakina ya bushe ƙamas, harshe ya manne da ganɗa. Kafin mako ya zagayo idona na hagu ya yi ja, saboda iska na tsiyaya ta gefen hanci tana hura shi har gari ya waye. Sai na yi dabarar da nake ganin ta mai hankali ce, na ɗaure madaurin tamau. Yoyon bai tsaya ba, karan hancina kuma ya saluɓe. An gudu ba a tsira ba. Sannan ga kumburin ciki, in tashi da asuba cikina kamar ganga, ina ta gyatsa, da sauran abin da ba sai na faɗa ba.

A mako na uku na naɗe tiyon, na mayar da komai cikin kwali, na ɗora a saman kabad. Kwana 6 ban taɓa ta ba.

Godiyata ta farko a cikin mutane ga uwargida take. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. A dare na shida na farka na gan ta zaune a bakin gado, fitilar wayarta a kunne. Na ce lafiya? Ta ce, "Abban yara, na koma ƙirge. Yanzun nan na kai 34 kafin ka ja numfashi." Iyakar abin da ta ce ke nan, ta kashe fitilar. Da safe ni da kaina na sauko da kwalin. Maman yara, kin yi shekaru kina barci rabi da rabi saboda ni, ni kuma ina ce miki kin cika tsoro. Ki yafe mini. Allah Ya saka miki da mafificin alheri.

Sai likitana, wanda zan haɗa godiya da neman afuwa. Ranar da na koma ya tambaye ni yaya na'ura, na ce lafiya lau, kullum ina sawa. Bai musa ba. Ya zare ɗan katin da ke jikinta ya sa a kwamfuta, ya juyo mini da allon. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga darare shida nan fayau, sauran kuma awa ɗaya, awa biyu, wani minti 40. Ban san na'urar tana rubuta komai ba, har yawan iskar da ta tsiyaye. Na so ƙasa ta tsage. Shi kuwa cewa ya yi, "Malam, ba ƙaryar ce ta dame ni ba. Faɗa mini abin da ya kore ka, ɗaya bayan ɗaya." Ya ce masu inshorar lafiya a Amurka suna ɗaukar mutum a matsayin mai amfani da na'urar idan ya kai awa 4 a kashi 70 cikin 100 na darare, amma wannan mafi ƙaranci ne, abin da ake so shi ne duk lokacin da ido ya rufe takunkumi na fuska, har barcin rana.

Shi ya warware mini kumburin ciki. Iska nake haɗiya tana wucewa ciki maimakon huhu. Irin waɗannan na'urori suna aiki ne tsakanin 4 da 20 a ma'aunin ƙarfin iska, tawa kuma an tsayar da ita a lamba ɗaya tun daga kwanciya har tashi. Ya mayar da ita mai daidaita kanta, ta ƙara ƙarfi idan hanya ta fara rufewa, ta rage idan ta buɗe. Ya kunna mini wani saiti da ke sassauta iskar a daidai lokacin fitar da numfashi, da wani da ke sa ta fara a hankali ta riƙa hawa har barci ya ɗauke ni. Ya ce in ɗan ɗaga kan gado, kuma in daina cika ciki dab da kwanciya. Ya ja mini kunne kada in shiga taɓa lambobin da kaina don na ga wani ya yi a intanet. Na ji, Likita, kuma ban taɓa ba.

Wadda ta fi shan wahalata ita ce ma'aikaciyar ɗakin gwajin barci. Sista, kusan awa guda kika ɓata a kaina ranar nan, ga layi na jira. Ta sa na kwanta a gadon gwaji, ta kunna na'urar, sannan ta ce in sa takunkumin kamar yadda nake sawa a gida. Tana ganin yadda na ja madaurin ta yi dariya. Ta nuna mini cewa robar da ke bakin takunkumin iska ce ke kumbura ta ta manne da fata, idan aka matse ta sai ta lanƙwashe ta bar kafa. Wato da hannuna nake ƙara yoyon. Ta sassauta har yatsa na iya shiga ƙarƙashin madaurin, ta ɗan ɗaga takunkumin daga fuskata ta sake ajiye shi, hucin da ke zuwa idona ya ɗauke nan take. Ta ce a kwance ake daidaita shi, na'ura na aiki, domin fuskar mutum a zaune daban take da fuskarsa a kan matashi.

Daga nan ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Bushewar baki, ashe bakina ke buɗewa cikin barci, iskar ta shiga ta hanci ta fice ta baki. Ta ba ni madaurin haɓa, ta ce in bai yi ba akwai takunkumin da ke rufe hanci da baki tare. Ta nuna mini ɗan tankin ruwan da ke jikin na'urar, wanda ke ɗumama ruwa ya jiƙa iskar. Ni kuwa tun da na kawo ta ban taɓa zuba masa ko ɗigo ba, na ɗauka na ado ne. Tataccen ruwa irin wanda ake kira distilled ake zubawa don kada ya yi ɓawo a ciki, a zubar da ragowar kowace safiya. Saboda gyambon karan hanci ta canza mini zuwa irin wanda ke tsayawa a ƙofofin hanci kawai, har wurin ya warke. Ta hana ni shafa Vaseline, ta ce yana lalata robar. In wanke fuska kafin kwanciya, in wanke robar da sabulu marar ƙarfi kullum, don maiƙon fata shi ma yana sa ta zame.

Akwai abin da ta faɗa da na ga ya wajaba in maimaita a nan. Takunkumin yana da wasu 'yan ƙananan huji da iska ke fita ta cikinsu, tana hura wa uwargida a fuska idan na juya wajenta. Na riga na yanke shawarar liƙe su da salatif. Da na ambata, fuskarta ta canza. Ta ce ta nan numfashin da na fitar yake ficewa, in na toshe zan riƙa shaƙar abin da na fitar ne dare guda. Don Allah duk mai irin wannan na'ura kada ya kuskura.

Tsoron shaƙewa kuwa wani abokin aikina ne ya fitar da ni, wanda ashe ya shekara 7 yana kwana da tasa bai taɓa faɗa wa kowa ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Ya ce in daina jiran dare, in riƙa sa takunkumin da yamma ina zaune ina karatu ko kallo, da farko ba tare da na'ura ba, daga baya da ita a kunne, minti 15, minti 30, har jiki ya daina ɗaukar sa baƙo. Shi ne kuma na kira da sassafe ranar da na farka ruwa na ƙugi a tiyo yana fantsamo mini a hanci, na ɗauka ta lalace. Ya ce raɓa ce kawai, iska mai ɗumi ta bi ta tiyo mai sanyi. In saukar da na'urar ƙasa da gado don ruwan ya gangara baya, in tura tiyon cikin bargo. Yallaɓai, na gode, kuma asirinka a rufe yake.

Ƙanina, kai ma ba zan bar ka ba. Lokacin da nake ta ƙorafi ne ya turo mini tarihin abin. Wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya fara gwada dabarar a birnin Sidni a 1980, da injin na'urar zuƙe ƙura da aka juya ya koma hurawa, takunkumin kuma manna wa majinyaci ake yi a fuska. A 1981 ya wallafa sakamakon majinyata biyar a mujallar The Lancet. Kafin nan, wanda ciwon ya yi wa tsanani huda masa wuya ake yi a sa bututu. A ƙarƙashin saƙon ya rubuta, "Yaya, kai naka da madauri ne ma." Na ji haushi a lokacin, amma ƙorafin ya ragu.

Ba zan ce dare ɗaya na ga canji ba. Wajen mako na shida na lura na daina tashi fitsari sau uku sau huɗu, abin da na daɗe ina zargin ciwon suga ne. Likita ya ce idan ƙirji na kokawa da rufaffiyar hanya, zuciya kan saki wani sinadari da ke sa ƙoda ta ƙara tace ruwa. Mafarkai kuma suka dawo mini rututu, dogaye masu launi, har na tsorata, sai aka ce jiki ne ke rama matakin barcin da ya daɗe ba ya samu. Ciwon kan safe ya tafi. A zuwana na ƙarshe lambar nan ta 41 ta sauko 3. Maganin hawan jini ina nan ina sha, ba wanda ya ce in bari.

Yarana, na gode da kuka daina gudu in kun gan ni, musamman auta da ta raɗa mini Baba Giwa, kuma ita ce ke tuna mini zuba ruwa a tanki. Abokan aiki da na yi ta yi wa tsawa a makonnin farko ba gaira ba dalili, rashin barci ne, ku yi haƙuri ku yafe. Masu kira da masu addu'a, Allah Ya bar zumunci.

Har yanzu da saura. Idan na kwanta ta ɓangaren hagu matashi na ture takunkumin ya yi yoyo, kuma shatin madauri kan kwana a kumatuna har hantsi, mutane na tambaya ko faɗuwa na yi. Sista ta ce akwai matashi mai yankakken gefe da aka yi don haka, da kuma ɗan kyalle mai laushi da ake naɗa wa madaurin. Kyallen uwargida ta ɗinka mini jiya, yau da dare zan gwada.