Abin da zaman Ship House ya koya min game da soja

Duk wanda ya ji na taɓa aiki a Ma'aikatar Tsaro tambaya biyu yake min, ko dai yace in taimaka a ɗauki ƙaninsa soja, ko yace wai me ya hana minista ya tura sojoji garinsu a gama da ƴan bindiga kowa ya huta. Ta farkon amsarta gajeriya ce, ɗaukar kurata aikin rundunonin ne da kansu, mutum ya cike fom a intanet, a tantance shi a jiharsa, in yana da rabo ya wuce Depot na Zariya inda tun 1924 ake horar da kurata, ni farar hula mai yawo da fayil ba ni da ta cewa a ciki. Ta biyun ce mai tsawo, kuma sai da na zauna a gidan na ga yadda takarda ke tafiya daga tebur zuwa tebur sannan na iya amsa ta.

Shi wannan gini da ake kira Ship House a Area 10 Garki Abuja, in ka shiga za ka sha mamaki don masu kaftani da kwat da atamfa sun fi masu kaki yawa. Akwai minista, akwai ƙaramin minista, sai babban sakatare wanda shi ne ke amsa tambaya kan duk sisin da aka kashe, sai daraktoci, sashen harkokin sojan ƙasa daban, na ruwa daban, na sama daban, ga na kuɗi ga na sayen kaya. Aikinsu tsara manufa ne da neman kuɗi da kare kasafi a gaban majalisa da kwangila da walwalar soja. Ba a nan ake cewa bataliya kaza ta tashi ta nufi Zurmi ba, wallahi ban taɓa ganin takarda mai kama da haka a teburin farar hula ba.

Sashe na 218 na tsarin mulkin 1999 ya fito da abin a fili, shugaban ƙasa ne babban kwamandan askarawa, shi ke da ikon cewa ga inda za a yi amfani da soja, kuma shi ke naɗa babban hafsan tsaro da hafsoshin ƙasa da ruwa da sama, majalisa ta tantance su. Daga nan umarni ke gangarowa ta hannun masu kaki zalla, daga hedikwata zuwa runduna, runduna ta 1 a Kaduna, ta 3 a Jos, ta 7 a Maiduguri wadda aka kafa 2013 saboda Boko Haram, ta 8 a Sakkwato da sauransu, daga runduna zuwa birged, zuwa bataliya, har ya iso kan saje da kofur ɗinsa. Minista yana zama a Majalisar Tsaro tare da shugaban ƙasa da mataimakinsa da hafsoshin, ana jin maganarsa sosai, amma shi ba kwamanda ba ne. Shi ya sa farar hula tsantsa ke iya riƙe kujerar, Muhammadu Ribadu da Inuwa Wada a jamhuriya ta farko, Kwankwaso daga 2003, Badaru daga 2023 zuwa 2025, kuma ko janar-janar irin su T.Y. Danjuma da Aliyu Gusau da Bashir Magashi da suka riƙe ta, ai sai bayan sun tuɓe kaki.

Mutane na ganin wannan raba-rabar kamar ɓata lokaci ce, ni kam yanzu ina ganin ita ce mafi tsadar abin da muka samu. Ƙasar da soja suka mulke ta daga 1966 zuwa 1979, suka dawo daren ƙarshen 1983 ba su sake ba sai 1999, dole ta nemi dabarar da mai riƙe da bindiga ba shi ne mai riƙe da lalita ba, kuma mai lalitar shi ma ba zai iya kashe kuɗin ba sai majalisa ta sa hannu. Har fita yaƙi waje ma da ƙa'idarsa, sashe na 5 yace ba a tura soja faɗa a wata ƙasa sai da yardar majalisar dattawa. Mu ƴan arewa mun ga amfanin wannan layin da idonmu a watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin Nijar lokacin da ECOWAS ke ta kaɗa gangar yaƙi, shugaban ƙasa ya aika wa dattawa wasiƙa, su kuma suka ce a bi hanyar sulhu. Duk mai dangi a Maraɗi ko Damagaram ko Ƙonni ya san irin ajiyar zuciyar da aka yi a ranar.

Wani abin da mutane ke cakuɗawa shi ne duk mai ɗamara ɗan Ma'aikatar Tsaro ne. A'a fa. Ƴan sanda da sufeto janar ɗinsu gidansu daban, sibil difens da shige da fice da gandirobobi suna ƙarƙashin cikin gida, kwastan na ɓangaren kuɗi, DSS da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro su kuma fadar shugaban ƙasa suke kallo. Asalin aikin soja a sashe na 217 kare ƙasa ne daga maharan waje da tsare iyakokinta ta ƙasa da ruwa da sama, shiga rikicin cikin gida kuma taimako ne yake kai wa hukumar farar hula in shugaban ƙasa ya kira shi. To yanzu taimakon ya zama shi ne aikin, ga Operation Hadin Kai a arewa maso gabas, ga Operation Fansan Yamma da ta maye gurbin Hadarin Daji a arewa maso yamma, ga wadda aka daɗe ana yi a Filato, ga shingaye a hanya ba iyaka. A ganina wannan ba abin alfahari ba ne, mutumin da aka koya wa tunkarar abokin gaba ka ajiye shi bakin kasuwa yana raba faɗan ƴan acaba, shi ka rage masa lokacin atisaye da hutu, ɗan sanda kuma ka saba masa da cewa in abu ya yi zafi akwai mai zuwa ya karɓe shi, su biyun duk an yi musu illa.

Amma darasin da ya fi zauna min ba daga kundin tsarin mulki na same shi ba, daga wani tsohon samanja ne da aka turo ofishinmu. Mutumin Binuwai ne amma Hausar bariki a bakinsa kamar me, shi ya fara ba ni labarin cewa sojan ƙasar nan daga ƴan tsirarun Hausawan da wani hafsan Turawan Ingila mai suna Glover ya tara a Legas a 1863 ya samo asali. Wata rana ina duba wata doguwar takardar buƙatu ina tsaki saboda yawan layukanta, ya jawo kujera yace ɗana karanto min. Na fara, man dizal, tayoyi, batirin oba-oba, gidan sauro, maganin maleriya, but, tankin ruwa, kayan gyaran janareta, buhunan shinkafa da wake. Yace to cire guda ɗaya wanda kake ganin ba shi da amfani. Nace ranka ya daɗe ai duk ƙananan abubuwa ne. Yace in batirin nan ya mutu, yaran da ke daji ba za su iya kiran igwa ko jirgi ba, in taya ta fashe a laka irin ta wajen Dikwa da Gamborun Ngala da damina, motar da mutanen cikinta sun zama abin hari, kai nan kana ganin layi na 14 ne kawai. Daga ranar fayil irin wannan bai sake kwana a teburina ba in dai da yadda zan yi.

Nan na gane dalilin da ya sa in an faɗi kasafin tsaro a rediyo mutane su ce duk wannan kuɗi ina bindigogin, alhali kaso mafi tsoka albashi da alawus ke cinye shi, ga barikoki da asibitoci da makarantu, NDA a Kaduna tun 1964, kwalejin hafsoshi ta Jaji, kwalejin tsaro ta Abuja, duk baki ne a buɗe. Manyan makamai kuma ba a kanti ake ɗauko su ba, jiragen Super Tucano guda 12 da aka saya daga Amurka an biya kuɗinsu a 2018 amma sai 2021 suka iso, a tsakani ga horar da matuƙa ga shirya inda za a ajiye su. Ba a fafe gora ranar tafiya, abin da ake yaƙi da shi bana shawarar wasu shekaru da suka wuce ce. Kuma abin da ke ci min rai, DICON, masana'antar ƙera makamai ta gwamnati, tana nan Kaduna ita ma tun 1964, amma har yau yawancin manyan kayan daga waje muke jiransu, mai sayarwa in ya ga dama ya gindaya maka sharaɗi.

Sai kuma takardun mamata, waɗannan su ne ba a sabawa da su. Duk soja ran da ya shiga aiki yana cike takardar magaji, wato sunan wanda za a nema in ta Allah ta kasance. Yaro ne ɗan shekara ashirin ba mata ba ɗa, sai ya rubuta wansa ko babansa, daga baya ya yi aure ya haihu ya manta da ita kwata-kwata. Wata baiwar Allah ta zo da goyo da wani yaro riƙe da gefen hijabinta, da kawunta dattijo, ta fito da takardu daga cikin leda baƙa, shaidar aure, takardun haihuwa, hoton mijin da kaki ɗan kofur, komai ta haɗa tsaf ta naɗe da kyauro. Aka buɗe fayil, sunan wan mijin ne a wurin. Dattijon yace yallaɓai ai ita ce matarsa ga ƴaƴansa kuna gani, ogana yace Baba wallahi mun gani, ba mu ƙaryata ku ba, amma sunan da ya rubuta da hannunsa ba mu da ikon gogewa, sai an zo da mai sunan. Ita dai ba ta ce uffan ba, tana ta jijjiga goyon.

Allah ya sa wan mutumin kirki ne, da aka neme shi ya taso daga ƙauye ya zo ya sa hannu, da haƙƙin ya fito suka ɗunguma gaban alƙali aka raba bisa gado. Matar ta samu tumuninta, mahaifiyar mamacin ta samu sudusi, ragowar na yaran, shi kuwa wan da sunansa ke kan takardar bai tashi da ko kwabo ba tunda mamacin ya bar ɗa namiji.