Abin da shirin tafiya Salamanka koyon Sifaniyanci ya koya mini

Kwas ɗin bazara na koyon Sifaniyanci gajere ne, yawanci wata ɗaya ko biyu tsakanin Yuni da Agusta, daidai lokacin da damina ta kankama a gida. Duk wanda ya bari sai ya sauka can sannan ya fara daga tushe, zai cinye watan yana haddar gaisuwa da ƙirge, abin da zai iya yi a ɗakinsa a Kano ko Maraɗi ba tare da ya biya kuɗin jirgi ba. Babban abin da na fahimta ke nan: nahawu da kalmomin farko aikin gida ne, watan da za ka yi a Sifaniya kuwa na kunne ne da harshe.

Salamanka na zaɓa, wani gari mai nisan kilomita 200 da 'yan kai yamma da Madrid. An kafa jami'arsa a 1218, kuma tun 1929 take koyar da baƙi Sifaniyanci. A garin ne aka buga littafin nahawun harshen na farko, wanda Antonio de Nebrija ya rubuta, a 1492. Amma ni ƙanƙantar garin ce ta fi jan hankalina. Da ƙafa ake zagaya shi, kuma a ganina mai shago a can ya fi haƙurin sauraron inda-indarka fiye da na babban birni, wanda da ka ɗan yi tuntuɓe zai juya maka zuwa Turanci. Barselona kuma harshe biyu ake ji a titi, Sifaniyanci da Katalanci, mai koyo sai ya rasa wanne kunnensa ke kamawa.

Kafin a raba aji ana yin jarrabawar tantance mataki. Matakan shida ne, daga A1 na ɗan fari zuwa C2 na gwani, kuma inda ka faɗa shi zai yanke irin watan da za ka yi. Ajin A1 da Turanci ɗalibai ke hira da an fita shan iska, don ba su da abin da za su ce wa juna da Sifaniyanci. Daga A2 zuwa sama kuwa, ɗan Japan da 'yar Birazil da Bahaushe sukan daure su lallaɓa da harshen da suka zo koyo, ko da gurgu ne. Saboda haka watannin da suka gabaci tafiya, burina ɗaya ne, in tsallake ajin farko.

Inda na fi zuba ƙarfi shi ne aikatau. A Hausa, aikatau yakan tsaya yadda yake, ƙaramar kalmar da ke gabansa ce ke nuna wa ya yi da kuma yaushe: na tafi, kin tafi, za mu tafi. A Sifaniyanci wutsiyar aikatau ce ke canzawa. Daga hablar, wato yin magana, ake samun hablo, hablas, habla, hablamos, habláis, hablan, kuma wannan na lokacin da ake ciki ne kaɗai. Wanda ya wuce yana da nasa jerin, har kashi biyu ma, mai zuwa yana da nasa. Babu wata dabara a nan sai maimaici, da babbar murya, kullum, kamar yadda muke biya allo muna yara. Wanda ya iso da waɗannan a bakinsa, in malama na bayani yana bin ma'ana ne. Wanda bai iso da su ba yana can yana laluben jadawalin aikatau a bayan littafi har a wuce shi.

Akwai wuraren da Bahaushe ya fi Bature mai jin Turanci sa'a, kuma yana da kyau mutum ya san su don kada ya ɓata lokaci a kansu. Wasulan biyar ne, a, e, i, o, u, ana kuma furta su yadda aka rubuta. Karkaɗa harshe wajen furta r, wanda Amurkawan ajinmu suka yi ta fama da shi, mu da shi muka tashi. Raba suna gida biyu, namiji da mace, ba baƙon abu ba ne a wurinmu, har ma yawancin sunayen mace a harsunan biyu da a suke ƙarewa. Sai dai a yi hattara, jinsin ba ya tafiya tare. Rana mace ce a wurinmu, a can el sol namiji ne. Wata namiji ne a Hausa, la luna kuwa mace. Kuma kamar yadda gida da ruwa suka ƙare da a amma suke maza, haka el día da el problema. Abin da ke ba mu wahala shi ne p da f, waɗanda bakinmu ke gaurayawa alhali su suna bambanta ma'ana da su. Wannan sai mutum ya naɗi muryarsa a waya ya saurara.

Wani abin lura shi ne irin Sifaniyancin da kake saurare. Ƙasar da ta fi yawan masu harshen ita ce Meziko, kuma darussa da yawa na intanet lafazin Latin Amurka suke bi. A Salamanka ana furta z, da c idan ta zo gaban e ko i, da harshe tsakanin haƙora, kuma idan ana magana da mutane da yawa waɗanda aka saba da su vosotros ake cewa, wanda a Meziko ba a amfani da shi. Rediyo da labaran talabijin na Sifaniya su ya kamata kunne ya saba da su tun daga gida, ko da kashi ɗaya cikin goma kake tsinta.

Takardu su ne masu cin lokacin da ya kamata a ba karatu, don haka gara a sallame su da wuri. Zaman da bai wuce kwana 90 ba bizar Shengen, wato ta rukunin ƙasashen Turai da Sifaniya ke ciki, ta gajeren zango ake nema. Ana iya shigar da buƙata tun saura wata shida tafiya, amsa kan ɗauki kwana 15, tana kuma iya kaiwa 45. Ana son fasfo da zai ci gaba da aiki aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da wasiƙar karɓa daga makaranta, da shaidar masauki da ta kuɗin da za ka ci da kanka. Tun watan Yunin 2024 kuɗin bizar Yuro 90 ne. Da bazara ta gabato kowa ke neman ranar ganawa a ofishin biza. Kafin ka biya kuɗin makaranta kuma, tambayi a rubuce nawa za su mayar maka idan ba a ba ka biza ba.

Masauki ya fi kama da darasi na biyu. Ɗakin kwanan ɗalibai ya fi 'yanci, amma da baƙi irinka za ka kwana ka tashi. Na zaɓi zama da iyali, kuma kusan rabin abin da na koya a teburin cin abinci na koye shi. Ga Musulmi, a nan ne ake buƙatar magana tun kafin tafiya. Lardin Salamanka ya shahara da naman alade. Garin Guijuelo da ke cikinsa da shi aka san shi, kuma hornazo, wani burodi da Salamanka ke alfahari da shi, cike yake da shi. Cewa kawai ba ka cin alade bai isa ba, domin mai gida da zuciya ɗaya za ta iya ɗauka ɗan jamón, wato busasshen naman cinyar alade, a cikin miya ba ya cikin lissafi. Sai ka lissafa mata: jamón, chorizo, tocino, manteca de cerdo wato kitsensa da ake sa wa wasu kayan fulawa, da kuma giyar da ake zubawa a girki. Na rubuta wannan da Sifaniyanci na aika tun ina gida. Uwar gidan, wadda nake kira señora kuma nake yi wa magana da usted, kalmar girmamawa, har sai da ita da kanta ta ce in sauko zuwa tú na sabo, ta koma dafa mini kifi da wake da wainar ƙwai da dankali.

Agogo ma sai an shirya masa. Salamanka tana yamma da Legas, amma a bazara agogonta yana gaba da na Najeriya da awa ɗaya. A watan Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, isha'i ta kai kusan sha biyu, ga asuba da wuri, ga aji da safe. Abincin rana sai ƙarfe biyu, na dare tara ko goma. Barcin bayan azahar shi ke cike giɓin. Garin yana kan tudu, kimanin mita 800 sama da teku, rana da zafi amma dare kan yi sanyi, rigar sanyi mara nauyi tana da amfani.

Da yamma ɗalibai kan haɗu a Plaza Mayor, babban dandalin garin, ƙarƙashin agogo, daga nan a tafi musayar harshe: ka ba ɗan gari rabin awa na Turanci ko Faransanci, ya ba ka rabin awa na Sifaniyanci. Galibi a wuraren shaye-shaye ake yi, amma kofi da madara ko ruwan lemo za ka ce a kawo maka, babu mai kallonka.

Takardar da makaranta ke bayarwa a ƙarshen kwas daban take da DELE, shaidar ƙwarewa ta hukuma wadda Cibiyar Cervantes, da aka kafa a 1991, ke gudanar da jarrabawarta. DELE ba ta daina aiki, amma rajistarta daban ce, kuɗinta daban, kuma ba kowane wata ake yin ta ba. Mai son komawa gida da ita sai ya duba ranakunta kafin ya yanki tikitin dawowa.