Tituna a kan kufan Villa Italia: yadda ake mayar da matacciyar kasuwa unguwa

A garin Lakewood da ke gefen birnin Denver, a jihar Kolorado ta Amurka, an buɗe wata katafariyar kasuwa mai rufi a 1966, ana kiranta Villa Italia. Gini ɗaya ne a tsakiyar fili mai eka 104, kusan hekta 42, kwalta ta kewaye shi ta ko'ina domin ajiye motoci. Ta ci zamaninta, sannan ciniki ya ja baya, manyan kantunan suka fice ɗaya bayan ɗaya, aka rufe ta a 2001. A wurin yanzu akwai unguwar Belmar, wadda kashinta na farko ya fara aiki a 2004: gidajen haya da na sayarwa, ofisoshi, shaguna, silima da dandali. Kamfanin Continuum Partners ne ya gina ta tare da hukumar garin.

Mai kallo daga waje zai ɗauka rushewa ce babban aiki. Gaskiya takardu sun fi ta wuya. Irin wannan kasuwa ba kasafai take hannun mutum ɗaya ba. A Villa Italia mai ƙasa daban, mai gini daban, ga 'yan haya kowa riƙe da yarjejeniyarsa. A tsarin kasuwannin Amurka, manyan kantunan da ke jawo jama'a sukan sa hannu a wata yarjejeniya da ke ba su ikon hana duk wani gini a filin motoci, ko sauya ƙofar shiga, ko da kantin ya daɗe da rufewa. Kanti ɗaya ya ƙi, aiki ya tsaya cak na shekaru. A Lakewood sai da hukuma ta yi amfani da ikonta na karɓe haƙƙin wuri tare da biyan diyya kafin hanya ta buɗe. Wanda ya fara zana taswira kafin ya warware wannan ƙulli, asarar kuɗin zane kawai ya yi.

Bayan takarda sai abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Gine-ginen shekarun 1960 cike suke da asbestos, wani abin hana gobara mai cutar da huhu, dole a cire shi da hannu kafin katafila ta taɓa bango. Inda aka taɓa yin shagon wankin tufafi da sinadari ko garejin gyaran mota, akan tarar guba ta tsiyaya cikin ƙasa har ta kai ga ruwa, kuma ba a ɗora gidan kwana a kai sai an tsabtace. Belmar ta yi fama da wannan. Kankaren da aka rushe kuwa ba a zubarwa, niƙe shi ake yi a wurin a shimfiɗa ƙarƙashin sababbin tituna.

Titunan nan, a ganina, su ne zuciyar aikin. An yanka filin gida 22, kowane yanki tituna sun kewaye shi, an kuma haɗa su da hanyoyin da ke waje kamar Alameda da Wadsworth. Amfanin haka a fili yake: idan wani yanki ya gaza, ana iya sayar da shi ko a sake gina shi ba tare da an taɓa maƙwabcinsa ba. Tsohuwar kasuwar ba ta da wannan gatan, rufi ɗaya ne, na'urar sanyaya ɗaki ma ɗaya ce, in gefe ya mutu sai ya ja sauran. Shi ya sa ake shimfiɗa bututun ruwa, magudana da wayoyin lantarki bisa layin titi tun farko, da girman da zai ɗauki gine-ginen da ba a ma zana ba tukuna. Tsofaffin bututun an yi su ne don banɗakunan 'yan sayayya, ba za su ɗauki ɗaruruwan iyalai masu wanka da girki safe da yamma ba.

Mota ita ke cin kuɗi. Tsohuwar ƙa'idar kasuwanni ita ce gurbin mota biyar ga kowace murabba'in ƙafa 1,000 ta shago, kuma mota ɗaya, in aka haɗa da hanyar juyawa, tana cin kusan murabba'in mita 30. Domin a sami filin gini sai a tattara motoci a garejin bene, wanda kowane gurbi a cikinsa ya ninka na kwalta tsada sau da yawa. Dabarar rage nauyin ita ce karɓa-karɓa: ma'aikacin ofis ya ajiye da rana, mai zuwa silima da yamma, mazaunin gida da dare. A Belmar an ƙara kashi 2.5 cikin 100 a kan kuɗin sayayya domin biyan bashin tituna da garejoji, hukumar garin kuma ta sassauta wani ɓangare na harajinta a wurin.

Ba kome aka rushe ba. An bar ginin tsohon kantin Foley's, aka huda masa tagogi, ƙasa shaguna, sama ofisoshi. Irin waɗannan gine-gine suna da faɗi ƙwarai, haske ba ya kaiwa tsakiya, don haka sun fi dacewa da ofis ko makaranta fiye da gidan kwana. Haka aka yi a Austin ta jihar Texas, inda kasuwar Highland ta koma kwaleji.

A sababbin gine-ginen, ƙananan abubuwa ne ke ɓata zama. Benen ƙasa na kankare ne, rufinsa ya kai mita huɗu da rabi ko biyar, gidaje a samansa. In ba a bar hanyar bututun hayaƙi daga ƙasa har saman rufi ba tun ana gini, gidan abinci ba zai taɓa shiga shagon ba, in kuwa an tilasta, ƙaurin suya zai kwana a ɗakin mutane. Motar kawo kaya da ta kwashe shara suna zuwa da asuba, to a ba su lungu ta baya, nesa da tagar ɗakin barci. Ƙofar mazauna ma a raba ta da ta 'yan kasuwa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cika shaguna fiye da kima, ana son kowane layi ya yi ta hada-hada. Mazauna unguwar kaɗai ba za su ciyar da su ba, sai baƙi masu zuwa da mota. Gara a tara shagunan a titi ɗaya ko biyu, sauran layukan a bar ƙofofin gidaje su fuskanci hanya. Belmar ma ba ta tsira ba: kamfanin Starwood ya saye ta a 2015, bashi ya yi masa nauyi, shaguna da dama suka zama kango, wurin ya koma hannun wani kamfani a 2021. A duk tsawon wannan dambarwa mutane na kwana a gidajensu, motoci na bin titunan, sabon mai wurin kuma shago-shago ya bi yana neman 'yan haya, bai bukaci katafila ba.