Taliya da kayan damina: gwaji na huɗu

Ƴan uwa masu koyon girki, barkanmu da damina. Daren jiya ne karo na huɗu da na gwada taliyar nan ta kayan lambu zalla, ba nama ba kifi, kuma sai jiya aka cinye har da suɗe kwano.

Karon farko na bi yadda na tashi na ga ana yi a gidanmu: taliya ta nuna luguf, a tace, a ɗauraye da ruwan sanyi. In da miyar dage-dage za a ci, wannan ba laifi. Amma nan miyar ba ta da yawa, soyayyun kayan lambu ne da ɗan mai, sai taliya ta ware gefe, kabewa gefe, mai ya kwanta a gindin kwano. Maigida ya yi loma uku, ya tambaya ko akwai sauran tuwon jiya. Karo na biyu kuɓewa ce ta kunyata ni, na yanka ta ƙanana kamar ta miya, yauƙi ya kama komai. Na uku kabewa ba ta nuna ba. Mu bar wannan.

Tumatir ɗanye yanzu sai mai hali, sai sanyi ya shigo ƴan lambu su sako shi. Don haka kauɗa na saya, na jiƙa ta a ruwan zafi tun la'asar, na ɗauraye sau biyu saboda yashi, na daka sama-sama. Na haɗa da albasar Galmi biyu, tafarnuwa, garin jan tattasan Diffa cokali guda, gauta, kabewa, kuɓewa ƙanana guda goma, da zogalen Jiratawa na dala ashirin, sabon tofo.

Jeren zubawa shi ne rabin aikin. Kuɓewa na wanke na shanya ta bushe sarai, na tsaga kowace gida biyu a tsaye, na soya ita kaɗai a man gyaɗa mai zafi ba tare da yawan juyawa ba, har bakinta ya yi ja, na kwashe na ajiye. Yauƙin bai fito ba. Daga nan kabewa, an yanka kamar kan ɗan yatsa, don ita ta fi kowa jinkirin nuna. Sai albasa da gauta, sai kauɗa da tattasai. Tafarnuwa can baya, don in ta ƙone ɗacinta ba ya fita.

To ga abin da ya gyara girkin. Mutanen Italiya, masu wannan abinci, ba sa bari taliya ta gama nuna a ruwa. Awonsu lita 1 na ruwa da giram 10 na gishiri ga kowane giram 100 na taliya. Ledar nan giram 500 ce, tukunyata ba ta ɗaukar lita 5, na yi da 3 na rage gishiri daidai da haka. A jikin ledar an rubuta minti 10, ni a minti 8 na ciro sili ɗaya na gatsa, na ga ɗan farin ɗigo a tsakiyarsa. Nan na tsaya. Kafin in tace na ɗebi kofi guda na ruwan dahuwar, wannan mai fari-fari da muke watsarwa a makwarara. Sitacin da taliya ta saki ne a ciki, shi ke haɗa mai da ruwa su zama romo mai kauri da zai manne a jikin taliya. Ɗaurayar da nake yi a da, ashe shi nake wankewa.

Na juye taliyar da zafinta cikin kayan lambu, na zuba rabin kofin, wuta sosai, ina juyawa da muciya. Da farko kamar na ɓata girki, ruwa tsamo-tsamo. Bayan minti biyu sai ƙarar tukunyar ta sake, daga ɓal-ɓal ta koma caɓ-caɓ, taliyar ta ɗauki sheƙi. Na watsa zogale da ɗoɗɗoya, na mayar da kuɓewa, na ƙara ruwan kaɗan. Mai girki a gawayi ta tanadi mafici kusa, wannan gaɓar ba ta son wuta mai sanyi.

Su can Italiya suna goga wani cuku mai tauri a kai. Ni namu cukun na gasa a kan garwashi har ya yi ƙamshi, na daka na barbaɗa. Ya yi daɗi, sai dai bai narke ba, ana jin sa ƙurus-ƙurus a haƙori. Yara sun so haka, ni ban gamsu ba.

Zogalen ma ya so ƙarin minti uku, ganyen da suka ɗan manyanta sun yi tauri. Ranar Juma'a zan gwada da taliyar Hausa ta inji, wadda ba ta jure wuta kamar ta leda. Wadda ta taɓa ƙarasa ta a cikin miya ta faɗa mini a minti nawa ta tace.