Layukan ruwan rufi a gilashin motar kwanata: inda aikin ya kai

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon kula da motar kwana, wato motar da aka mayar ɗakin kwana. Na kwana biyu ban ba ku labarin tsohuwar Coaster ɗin nan ba, tun bayan da na ɗaura mata faranti biyu na sola a rufi. Gado da kabad suna nan yadda na bar su. Gilashin gaba ne ya cinye mini makonni biyar.

Motar ta yi hunturu da bazara a ƙofar gida, ƙarƙashin dogon yaro. Ruwan farko da ya sauka mana a Sakkwato irin wanda ke biyo bayan iska mai ƙura ne, bai fi minti goma ba ya ɗauke. Da gari ya waye sai ga layuka sun gangaro daga saman gilashin har ƙasa, wasu farare, wasu baƙi-baƙi. Na wanke da garin sabulu suka ɓace, gilashin na bushewa suka dawo. Sau huɗu ina yin haka cikin mako ɗaya. Ban ɗauki abin da zafi ba sai ranar da nake dawowa daga Goronyo da la'asar sakaliya, rana tana dukan fuskata. Kowane layi ya kama haske, har ban hango wani yaro da ke kora awaki a bakin titi ba sai da na kusa kai masa. Allah ya tsare. A daren na yanke shawarar motar ba za ta sake hawa hanya ba sai na ga bayan layukan nan.

Kuskurena na farko, kuma ina roƙonku kada ku maimaita shi, shi ne goge gilashi da busasshen tsumma. Ƙurarmu akwai yashi a cikinta, shi kuwa yashi ya fi gilashi tauri. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, dutsen da yawancin yashi ke fitowa daga gare shi yana kan 7, gilashi yana wajen 5.5. Duk gugar da ka yi a bushe, kankare gilashinka kake yi. Akwai ƙarce biyu a gefen fasinja da ni na jawo su da hannuna, har yau suna ci mini rai.

A mako na biyu na gane cewa ba tabo iri ɗaya nake faɗa da shi ba. Fararen layukan gishirin ƙasa ne da ruwa ke bari idan ya bushe. Wani ɓangarensu ma ni nake ƙara shi, don da ruwan burtsatsen unguwa nake wanki, ruwan da ke barin farin ɓawo a cikin tukunyar shayi. Yankinmu akwai farar ƙasa sosai, ita ce ma ta kawo masana'antar siminti Kalambaina. Maganin wannan gishirin shi ne abu mai tsami. Na haɗa ruwan khal, na kanti mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, rabi da rabi da ruwa, na jiƙa tsohon tawul na manna a gilashin minti biyar, sannan na ɗauraye. Zagaye biyu, fararen suka tafi. Ku kula kada khal ɗin ya zauna kan fenti ko robar gefen gilashi, a bi shi da ruwa nan take. Kuma a yi aikin bayan sallar asuba. Da rana gilashi kan yi zafin da ba ya taɓuwa, duk abin da ka zuba zai bushe kafin ya yi aiki, ruwan sanyi a kansa kuma kan iya tsawaita tsagar da take ɓoye.

Baƙaƙen layukan ko gezau. Su maiƙo ne da su, idan ka shafa yatsa za ka ji santsi. Sifirit na kemis a tsumma mai laushi ya ɗauke yawancinsu. Ƙaron bishiya da kashin tsuntsu da suka daskare kuma sabuwar reza na sa musu, a kwance-kwance, bayan na jiƙe wurin da ruwan sabulu. Gaba kawai ake turawa, ba a komowa da ita, kuma a waje kaɗai, kada reza ta kusanci ciki idan an manna baƙar leda. Gilashi ya fito tas. Na yi murna kwana shida. Aka sake ruwa, layukan suka dawo daidai wuraren da suke a da.

Ina tsaye ina kallonsu sai wani dattijo maƙwabcina, wanda ya yi shekaru yana jan bas kafin ya ajiye, ya zo wucewa. Na gaishe shi na ce, "Baba, gilashin nan ya gagare ni." Ya ɗaga kai ya dubi saman motar ya ce, "Ɗana, wanga ba laihin gilashi ba na. Ɗauko tsani ka hau bisa."

Na hau. Da na shafa tafin hannu a rufin sai ya fito fari kamar na taɓa alli: rana ta cinye fentin ya zama gari. Ƙarƙashin farantan sola ƙura ta taru ta yi laka, haɗe da ganye da 'ya'yan dogon yaro. Ƙarfen alminiyam da na ɗaure farantan da shi yana barin baƙi a yatsa. Inda na toshe ramin waya da silikon kuwa, abin toshin nan mai tsatso mai, ƙura ta manne ta yi baƙin zobe, daga nan layi mafi muni yake farowa. Magudanar gefen rufi ta toshe gaba ɗaya, motar kuma tana ajiye hancinta ya ɗan yi ƙasa. Ashe duk dattin wata bakwai ta kan gilashi yake samun hanyar sauka.

Wankin rufin ya ci mini safiya biyu, da buroshi mai laushi da sabulun wankin mota, daga baya zuwa gaba, ina ɗauraye gefuna kafin ruwan dattin ya bushe a jikin bodi. Na kankare tsohon silikon na sa abin toshi na foliyuretan, wanda ba ya tsatso mai. Na bi rufin da man goge fenti. Wannan na wucin gadi ne, sabon fenti yake so, sai bayan damina in Allah ya hore.

Abin da ya fi faranta mini rai dabarar indararo ce. Magabatanmu da suka gina soro ba su bar ruwa ya bi jikin bango ba, sun yi masa hanya ya zuba can nesa. Na samo robar magudana mai manne, na share wurin da sifirit, na liƙa ta a saman gilashin daga kusurwa zuwa kusurwa, tsakiyarta ta ɗan fi gefuna tudu don ruwa ya rabu hagu da dama. Na canza robar waifa, don tsohuwar ta sha maiƙon tana mayar da shi. Na kuma juya wurin ajiya, yanzu hancin motar ne a tudu. Ɗauraya ta ƙarshe da ruwan sama da na tara nake yi, ko wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, sannan in tsane kafin iska ta riga ni.

An yi ruwa uku tun daga nan, ɗaya mai ƙarfi cikin dare, gilashin bai yi sabon layi ba. Saura inuwar layi ɗaya a gefen direba da ta ƙi khal ta ƙi sifirit. Farce ba ya kama ta, don haka ina kyautata zaton gishirin ne ya ɗan ci fuskar gilashin sama-sama saboda daɗewa a rana. Na yi odar garin siriyam oksaid da ake goge gilashi da shi. Zan fara gwada shi a wani fasasshen gilashi da na samo wurin mai gyara, don idan aka tsananta guga a wuri ɗaya gilashi kan yi kwari ya riƙa karkatar da gani, wannan wurin kuwa daidai idona yake. Idan akwai wanda ya taɓa amfani da shi da hannu ba da inji ba, ina son sanin minti nawa ya ɗauka kafin ya ga canji.